Inda Ruwan Gulbin Maraɗi Ke Kwana



Akwai tambayar da nake yawan jefa wa abokai idan mun zauna fada ana jiran shayi ya nuna: ruwan Gulbin Maraɗi, in ya wuce Tibiri da Gidan Rumji, ina za shi? Sai a ce mini Najeriya, a yi shiru. To gaskiya ne, dama daga can ya fito, daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Jibiya ya shigo mana ta Madarunfa, ya gaishe mu ya koma. Amma ba nan tafiyar ke ƙarewa ba. A shekarar da ya kawo sosai yana faɗawa gulbin Rima, Rima ta haɗu da gulbin Sakkwato, su zuba cikin kogin Isa, wannan dai da ke wucewa ƙarƙashin gadar Kennedy a Yamai, wanda maƙwabtanmu ke ce wa Kwara. A Lokoja ya gamu da Binuwai, su gangara tare su wuce Onica, daga nan kogin ya rarrabu kamar yatsun hannu, ya bi ta cikin kurmi da laka har teku. Mutanen da ke zaune tsakanin yatsun nan, su ne mutanen Bayelsa da Delta da Ribas. Duk abin da kogi ya kwaso a tafiyar kilomita wajen 4,200 tun daga duwatsun Gini, a ƙofar gidansu yake saukewa.

Na san wani zai ce, mu da ba mu da teku, mi ya haɗa mu da ambaliyar bakin teku? Bari in faɗi abin da ya haɗa gidanmu da ita.

Kawuna ya fi shekara ashirin yana biɗa a Yenagoa, babban birnin Bayelsa. Albasa yake saidawa da tattasai. Cikin watan Oktoba na 2022 muka yi kwana da kwanaki wayarsa ba ta shiga. Ranar da saƙon murya ya iso, abin da ya fara cewa shi ne: "Ɗana, ku yi muna addu'a, bisa tebur muke kwana, garin ga duk ya zama gulbi." Motar da ta ɗauko musu albasa, shi da abokan cinikinsa, tana cikin dogon layin da ya maƙale a Lokoja, don ruwa ya hau kwalta. Kafin hanya ta buɗe, abin da ke cikin buhunan ba ya saiduwa. A daminar nan kuma, a ƙauyenmu, ɗakin da matarsa da yara ke kwana ya zube. Shekarar ba a aiko da ko dala ba. Gida ɗaya, ruwa ya ci shi ta kai ya ci shi ta wutsiya.

Kuma kowa ya duba danginsa zai samu irin kawuna. Wane ƙauye ne a Tawa ko Damagaram da ba shi da ɗa a Legas, ko Fatakwal, ko Kwatano, ko Lome, ko Akkara, ko Abijan? Rabin tukunyarmu a bakin teku take tafasa.

Ambaliyar 2022 ta taɓa fiye da jihohi 30 cikin 36 na Najeriya. Hukumomin ƙasar sun ƙirga mutum sama da 600 da suka rasu, fiye da miliyan 1.3 suka bar gidajensu, gonaki sama da eka 300,000 suka lalace ƙurmus. A Ogbaru ta jihar Anambara, kwale-kwalen da ya ɗauko masu gudun ruwa ya kife ranar 7 ga Oktoba, mutum 76 suka tafi. Babbar hanyar da ta haɗa Bayelsa da sauran ƙasa ta yanke ta gabas ta yanke ta yamma, abinci da man fetur suka daina shiga jihar da aka fara haƙo man Najeriya a cikinta, a Oloibiri, tun 1956. Ko gidan tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan a Otuoke ruwa bai ƙyale ba. Shekara goma cif kafin nan, a 2012, an yi irinta, mutum 363 suka rasu, fiye da miliyan 2 suka rasa matsuguni. An yi kuka, an kafa kwamitoci, aka koma barci.

Ina so in ɗan tsaya a kan gonaki, domin lissafin eka ba ya gaya maka abin da manomi ya rasa. Mu da muka saba da hatsi, wata uku zuwa huɗu mun yi girbi mun zuba rumbu. Manomin can rogo yake shukawa, da doya, da ayabar dafuwa. Rogo yakan kusa shekara a ƙasa, kuma ƙasar ita ce rumbunsa, a hankali ake tonowa gwargwadon bukata. Idan ruwa ya kwanta a gonar rogo na ƴan kwanaki, saiwar ruɓewa take. To wannan ruwan ba kwanaki ya yi ba, makonni ya yi. Shi ya sa da aka ga yana tahowa, mata suka riƙa shiga gona ruwa iya gwiwa, wasu iya ƙugu, suna tumɓuke rogon da bai ƙosa ba don a tsira da ɗan abin da za a yi gari. A soya shi ina, itace ya jiƙe, murhu yana ƙarƙashin ruwa? Ga abin da ya fi ciwo: rogo ba ƙwaya ake shukawa ba, karansa ake yankawa a dasa. In gona ta mutu, irin baɗi ya mutu tare da ita. Ku kwatanta da a ce gobara ta cinye maka rumbu, ta cinye damen iri da ka rataye, ta bar ka da bashin taki. Masu kiwon tarwaɗa a kududdufai su ma ruwa ya shafe bakin ramukan, kifin ya bi kogi. Bayan ruwa ya janye kuma sai rijiyoyi da suka gauraya da masai, sai zawo da kwalara, sai sauro, sai macizai da suka riga masu gida komawa ɗaki.

Mi ya sa ambaliyar bakin teku ta fi tamu daɗewa? Mu ruwa ɗaya ke cin mu, na sama, ya zo da ƙarfi ya rushe ginin ƙasa ya wuce. Su ruwa uku ke haɗuwa a kansu. Akwai na sama, kuma daminarsu ta ninka tamu sau da yawa. Akwai na kogi da ke isowa daga arewa cikin Satumba da Oktoba, daidai lokacin da ƙasarsu ta riga ta sha ta ƙoshi. Sa'annan ga teku. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma duk lokacin da ta cika sai ta tokare bakin kogi, ruwan da ke son fita ya rasa hanya ya dawo da baya cikin gari da gonaki. Tekun nan kuma ƙaruwa take. Daga 1900 zuwa yau ta hau da wajen santimita 20, yanzu tana ƙara kimanin milimita 4 kowace shekara, saboda ɗumamar duniya na narkar da ƙanƙara tana kumbura ruwan. Mutumin Dogon Dutsi zai yi dariya, tsawon taƙi ɗaya ne fa. Amma a ƙasar da take shimfiɗe kamar faifai, wadda wani wurin da ƙyar ta ɗara teku da mita ɗaya ko biyu, taƙi ɗaya gonaki ne masu yawa. Kuma inda ruwan gishiri ya shiga, ko ya janye, gishirin yana nan cikin ƙasa da rijiya.

Ita ƙasar ma nutsewa take a hankali. Dama laka ce da kogi ya tara shekaru dubbai, kullum tana daddanƙarewa, kullum kogi na ƙaro sabuwa a sama, sai lissafi ya daidaita. Da aka gina manyan baraji, Kainji a 1968, daga baya Jebba da Shiroro da Lagdo, sai laka da rairayi suka riƙa kwanciya a bayan bangon maimakon su isa bakin teku. Abin nan yana ba ni mamaki duk lokacin da na tsaya bakin kogi a Yamai cikin watan Mayu, ina kallon rairayin da ya shaƙe shi har yara na ratsawa da ƙafa. Ƙasar da ta yi mana yawa cikin kogi, ita suke nema ruwa a jallo.

Sai kuma dajin da ke tsare su. A bakin tekun can akwai wasu itatuwa masu tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo, suna riƙe laka suna karya ƙarfin igiyar ruwa, kifi na ƙyanƙyasa a gindinsu. Babu inda ya kai yankin yawansu a Afirka. Malalar ɗanyen mai ta shekara da shekaru ta kashe da yawa, rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya nuna yadda abin ya kai. Abin da mai ya bari, gatari da masu cike fadama su yi gini suna ƙarasawa. Idan ambaliya ta zo, ba ruwa kaɗai take shimfiɗawa a gona ba, har da man da ta kwaso.

A 2022 kowa Kamaru ya nuna wa yatsa, wai ta buɗe barajin Lagdo da ke kan Binuwai kusa da Garwa. Ta buɗe kam, cikin watan Satumba, don in ba ta buɗe ba bangon ne zai tafi, abin ya fi haka muni. An kuma tono tsohon zancen barajin Dasin Hausa a jihar Adamawa, wanda aka ce shi zai tare ruwan da Lagdo ta saki, an fi shekara 40 ana maganarsa ba a gina ba. Sai dai ministan ruwa na Najeriya na lokacin da bakinsa ya ce rabon Lagdo a ambaliyar kaɗan ne, mafi yawa ruwan sama ne da ya sauka cikin ƙasar ya bi rassan Binuwai. Ni na fi yarda da wannan, kodayake bai wanke kowa ba. Ɗora wa maƙwabci laifi daɗi gare shi, yana hana a tambaye ka wa ya saida filin da ke cikin hanyar ruwa, wa ya yi hanya ba isassun kwalbatoci har ta zama ganuwa tana tare ruwa a kan ƙauyuka.

Game da sauyin yanayi ba zan daɗe ba, mun sha faɗa a wannan shafi. Ƙungiyar masana da ake kira World Weather Attribution ta binciki daminar 2022 a yankinmu, ta ce ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ta sa irin wannan ruwa a kewayen tafkin Chadi ya ninka yiwuwar aukuwa kamar sau 80. A watan Nuwamban shekarar aka amince, a taron Sharm el-Sheikh na Masar, da kafa asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawo wa ƙasashe matalauta. Haƙƙinmu ne, a ci gaba da bin sa. Amma kawuna bai ga komai ba, kuma ban ce ya zauna jira ba.

Yanzu bari mu dawo gida, inda zancen ya fi ɗaci.

Masana ruwa sun daɗe da lura da wani abu a Sahel mai kama da almara. Tun farin shekarun 1970 da 1980 ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke gudu a ƙoramu ƙaruwa ya yi. Dalili, an sare daji, an daina barin gona ta huta, ƙasa ta zama faƙo, ruwa ya sauka ba ya shiga sai ya zarce. Yanzu da ruwan sama ya dawo, kuma ya dawo da hushi, a sa'a biyu a zubo na wata guda, sai abin ya haɗe. Jan ruwan da ke cika kogi a Yamai cikin Agusta da Satumba, daga rassan Sirba da Dargol da Goruwal yake fitowa, kuma jansa ƙasar gonaki ce da ya kankaro. Ba ina cewa mu muka nutsar da Bayelsa ba, a'a, babban kason ruwansu daga Binuwai da daminarsu yake. Abin da nake cewa shi ne cutar iri ɗaya ce daga kai har wutsiya. Su sun rasa itatuwan bakin teku, mu mun rasa na tudu. Su sun gina cikin fadama, mu ma haka.

Kuma mu mutanen Maraɗi ba mu da bakin cewa ba mu sani ba. A 1945 gulbi ya cinye tsohon garin da ke cikin kwari, dalilin da ya sa aka tayar da shi aka hau tudu kenan. Kakanninmu sun ga aya sun matsa. Mu jikoki masu takardun jami'a mun koma muna yanka filaye a bakin kwazazzabai da cikin tsoffin tabkuna, da hatimi da sa hannu. A Satumban 2020 kogi ya kai wajen santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali jan gargaɗi daga 620 yake, shingayen ƙasa suka fashe, Lamorde da Kirkisoy da Saga suka nutse tare da gonakin shinkafarsu. A 2022 da muke jajanta wa maƙwabta, mu ma mun binne mutum kusan 200, akasari a jahohin Maraɗi da Damagaram. Ta 2024 kuwa ba sai na tuna wa kowa ba: rayuka kusan 400, mutum wajen miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, ruwan ƙarshen Agusta da ya yi ɓarna a cikin garin Maraɗi, tsohon masallacin Birni na Damagaram da ya tsaya tun ƙarni na 19 ya zube a idon jama'a, hanyoyin shiga Yamai suka yanke, aka ɗage komawa lakkwal daga 2 zuwa 28 ga Oktoba don azuzuwa sun zama ɗakunan kwana. Ruwan sama na Allah ne, ba mai musu. Takardar fili kuwa mutum ya sa mata hannu, kuma yana da suna.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Hukumar da ke kula da kogin nan gaba ɗayansa, ABN, wadda ƙasashe 9 suka kafa a 1980, Gini da Mali da Nijar da Benin da Najeriya da Kamaru da Chadi da Burkina da Kodebuwa, hedikwatarta a Yamai take. Cibiyar AGRHYMET mai hasashen damina da cikar koguna, a Yamai take tun 1974. ACMAD mai hasashen yanayi na Afirka baki ɗaya, ita ma a Yamai. A Yamai ne shugabanni suka sa hannu kan yarjejeniyar ruwan kogin a 2008, wadda ta ɗora wa kowace ƙasa sanar da ƴar uwarta abin da zai iya cutar da ita ta hanyar ruwa. Wato idon da ke ganin ambaliya tun tana nesa, a garinmu yake zaune. Kuma suna aikinsu, kowace shekara kafin damina ana fitar da hasashe, a 2022 da 2024 duk an ce a yi hattara da ruwa mai yawa. Amma da Faransanci da Ingilishi yake fita, a takardar da sai mai kwamfuta da intanet zai buɗe. Tsakanin teburin masani da kunnen mai garka a bakin gulbi, nan saƙon ke mutuwa. Mai rogo a Bayelsa da mai shinkafa a Saga da mai masara a Madarunfa, dukansu da idonsu suke samun labari, lokacin da ruwa ya riga ya iso ƙofa.

Na san lokacin siyasa ne mai zafi. Mun fita daga CEDEAO, an rufe iyakar Benin a 2023, kowa na kallon maƙwabcinsa da gefen ido. Kowa da ra'ayinsa a kai, ba shi na zo tattaunawa ba. Abin da nake roƙo, duk abin da za a yanke, kada a yanke wayar da ke tsakanin masu auna ruwa. In za a buɗe barajin Jibiya, mutumin Madarunfa da Tibiri ya ji kafin ruwa ya iso shi, da Hausa, a rediyon garinsu, kuma a ce masa kwana nawa ya rage. In jan ruwa ya taso a Yamai, a gaya wa Gaya da Malanbil da Yawuri a ranar. Ga barajin Kandaji da aka aza wa harsashi tun 2008, ranar da Allah ya sa ya kammala mu ma za mu zama masu buɗe ƙofa a kan wasu, kuma abin da ake faɗa wa Kamaru yau shi za a faɗa mana. Gara mu koyi ladabin tun yanzu.

A gefenmu kuma akwai aikin da mun riga mun iya, har duniya na zuwa koyo. Sassaben zamani da manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙe tun shekarun 1980, barin gawo da sabara da kalgo su sake tohowa cikin gona, ya farfaɗo da eka wajen miliyan 5. Tassa da rabin wata da aka yi a faƙon Tawa, a Kaita da Illela, sun nuna ana iya tilasta wa ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Duk ɗigon da ya nutse a tudu, ɗigo ne da bai rushe ɗakin kowa a kwari ba. Ban gane dalilin da ya sa ake samun kuɗin buhunan shinkafa da tabarmi da barguna bayan ɓarna, a ɗauki hoto, amma kuɗin wannan aiki sai an jira baƙo ya kawo ba. Haka yasar magudanan ruwa, da sai an ga hadari ya haɗo ake tunawa da ita, a kwaso leda da rairayi a jibge a bakin ramin, ruwan farko ya maida su inda suka fito.

Makon jiya ni da abokai biyu mun je wani ofishi muna neman taswirar unguwannin da ke cikin hatsarin ambaliya. An ce mu dawo, mai mabuɗin ba ya nan. Za mu koma ranar Litinin, kuma za mu yi ta komawa. Kafin nan muna roƙon kowane reshe namu, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso da Yamai, ya zagaya unguwarsa da littafi, ya tambayi tsofaffi inda ruwa ya tsaya a 2020 da inda ya tsaya a 2024, a auna a jikin bango, a rubuta, a ɗauki hoto. A rubuta har da sabbin gine-ginen da suka tsaya a kan hanyar ruwa, ko na wane ne. In taswirar ofis ta ƙi fitowa, mu kai musu tamu kafin ruwan shuka ya sauka.

Kawuna yana Yenagoa har yanzu. Na ce ya dawo gida, ya ce ya dawo ya ci mi? Abin da ya yi, ya sa kafinta ya ƙara wa teburinsa tsawon ƙafafu, ya kuma ce duk ranar da na ji kogi ya hau a Yamai in kira shi, ko da tsakar dare ne.